Akori-kura mai tashi da maɓalli: jakar rimot ta isa, ko sai an haɗa da ƙarfe?

Mai Akori-kura: Assalamu alaikum jama'a. Na sauya mota, na karɓi akori-kura irin wadda ba a zura mata makulli. Rimot na aljihu, ka taɓa hannun ƙofa ta buɗe, ka taka birki ka danna maɓalli ta tashi. Daɗi kam akwai shi. To amma duk wanda ya gan ta sai ya ce mini irin waɗannan ne ɓarayi ke ɗaukewa cikin minti ɗaya, rimot ɗinka na rataye a ɗaki. Ga shi ta fi ƙarfin garejina, a ƙofar gida take kwana. Wani ya ce in sayi 'yar jakar nan mai toshe sigina, shi ke nan an gama. Masu sani, da gaske ne? Kuma jakar kaɗai ta wadatar?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Shawarata ɗaya ce ɗana: ƙarfe. Sayi kwaɗon sitiyari mai kauri, mai launi mai haske wanda za a hango tun daga nesa. Tun muna yaran mota da shi muke kwana da kwanciyar hankali. Duk wannan rimot-rimot ɗin, wanda ya ƙera shi mutum ne, wanda zai warware shi ma mutum ne.

Injiniya: Baba, kwaɗon ma ai mutum ne ya ƙera shi. Amma bari in fara da tambayar Malam, don sai an san yadda ake satar kafin a san abin da za a toshe.

Motarka tana fitar da wata 'yar sigina mai rauni, wajen kilohaz 125, wadda ba ta wuce mita ɗaya zuwa biyu. Da ita take tambaya ko rimot na kusa. Idan rimot ya ji, sai ya amsa da wata sigina mai ƙarfi, megahaz 315 ko 433 gwargwadon ƙasar da aka yi wa motar, ita kuwa tana tafiya nesa. To motar ba ta auna nisa. Lissafinta kawai shi ne: tunda rimot ya ji muryata mai rauni har ya amsa, lalle yana kusa. Nan ne ɓarakar take.

Ɓarayi biyu ne ke zuwa. Ɗaya ya tsaya jikin mota da na'ura, ɗayan ya matso jikin bangon gida ko ƙofa ko taga da tasa. Na'urar farko ta ɗauki tambayar motar ta miƙa wa ta biyu, ta biyu ta furta ta kusa da rimot, rimot ya amsa da gaskiyarsa. Ƙofa ta buɗe, su maimaita a cikin mota, inji ya tashi. Ba su fasa wata lambar sirri ba, ba su kwafi makulli ba, miƙa saƙo kawai suka yi. Ƙararrawa ba za ta yi kuka ba, domin a ganin motar mai ita ne ya zo.

Ba jita-jita ba ce. A 2011 masu bincike na jami'ar ETH da ke Zurich a Suwizalan suka gwada wannan a kan motoci 10 na kamfanoni 8, duk suka buɗe, duk suka tashi. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta gwada 24, haka aka samu, kuma ta ci gaba da gwaji a kan ɗaruruwa, ƙalilan ne suka tsira. A 2017 'yan sandan West Midlands a Ingila suka saki hoton kyamarar tsaro na wasu mutum biyu da suka ɗauke Mercedes daga ƙofar gida ta wannan hanya cikin kusan minti ɗaya.

Mai Akori-kura: Ikon Allah. To Injiniya, idan sun yi nisa da gidan ai rimot ya fita daga zango. Motar ba za ta mutu a hanya ba?

Injiniya: Ba za ta mutu ba. Da gangan aka yi ta haka, don kada batirin rimot ya ƙare kana gudu a babban titi inji ya ɗauke maka. Iyakarta ta rubuta a dashbod cewa ba ta ga makulli ba. Sai sun kashe ta da kansu ne ba za ta sake tashi ba, su kuwa ba za su kashe ba sai sun kai inda za su yi mata sabon rimot ko su kwance ta.

Sarkin Raha: Ni dai an ce mini a sa rimot a firiji ya kwana tare da ruwan sanyi 😂

Injiniya: Kada ka yi, sanyi da danshi suna lalata batiri da allon da ke ciki, kuma ba kowane firiji ne ke toshe sigina ba, saboda robar bakin ƙofa. Masu sa shi cikin na'urar ɗumama abinci su ma wata rana wani zai kunna ta bai sani ba. Jakar da aka faɗa wa Malam ta fi. Ana kiranta jakar Faraday, cikinta an shimfiɗa zaren ƙarfe da ke kewaye rimot ta kowane gefe. Gwangwanin ƙarfe mai murfi da ke rufuwa gam shi ma yakan yi. Sharaɗi dai a gwada: sa rimot ciki, rufe, je jikin motar da shi a hannu, ja ƙofa. In ta buɗe, jakar banza ce. Kuma a riƙa maimaita gwajin lokaci-lokaci, don zaren yana tsinkewa wajen lanƙwasa. Wasu jakunkunan aljihu biyu gare su, ɗaya ne kawai mai toshewa, mutum ya yi wata da watanni yana sa wa a wanda ba shi ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne rimot na biyu. Ka killace na hannunka, na ajiya yana kwance a durowa kusa da tagar da ke kallon titi. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Kafin ma ka sayi komai, duba littafin motarka. Yawancin rimot na Toyota, in ka danne maɓallin kullewa ka latsa na buɗewa sau biyu, 'yar fitilarsa za ta yi walƙiya sau huɗu, ya daina sauraro har sai ka sake danna wani maɓalli. Na Mercedes danna kullewa sau biyu a jere yana yin irin wannan aikin. Ford kuma daga 2019 ta fara fitar da rimot da ke yin barci in ya yi daƙiƙa 40 bai motsa ba. Wasu motocin ma a allon dashbod za ka kashe buɗewa da taɓi gaba ɗaya, ka koma danna rimot da hannu kamar da.

Riwaya: Injiniya ya faɗi gaskiya, amma ni da nake kwana cikin wayoyin mota ina so in rage wa Malam murna. Jaka ƙofa ɗaya take rufewa, kuma ba ita kaɗai ce ƙofar ba.

Duƙa ƙarƙashin sitiyarinka, za ka ga wani soket mai ramuka 16. Shi ne OBD, inda muke jona kwamfuta mu duba ciwon mota. A Amurka tun 1996 doka ta tilasta shi. Ta nan ake koya wa mota sabon makulli idan naka ya ɓata. To abin da mai gyara zai iya yi da na'urarsa, ɓarawon da ya mallaki irinta zai iya. Ya fasa ƙaramin gilashi ya shiga, ya jona, ya ɗora rimot ɗin da ya zo da shi, ya tayar. Naka yana can cikin jaka lafiya lau, bai san abin da ake ciki ba.

Akwai kuma wadda ta fi wannan ɗaure kai. Duk ƙwaƙwalen da ke cikin motar zamani, na inji, na ƙofofi, na birki, har na fitilun gaba, suna magana da juna ta wayoyi biyu da ake kira CAN. A tsarin asali, saƙon da ya bi ta wayar ba a tambayar wa ya turo shi. A 2022 aka sace RAV4 ta wani masanin tsaron na'urorin mota a Landan. Kafin satar sau biyu yana tarar da an ɓalle masa bamba an taɓa wayar fitila, ya ɗauka ɓarna ce kawai ta 'yan iska. Shi da wani ƙwararre mai suna Ken Tindell suka bi diddigi, suka bayyana sakamakon a 2023: ta wayar fitilar ake shiga layin, a tura saƙon ƙarya cewa makulli ya halarta. Na'urar ma an ɓoye ta cikin kwanson 'yar sifikar kiɗa, ko an kama mutum da ita sai a ɗauka waƙa yake ji.

Saboda haka in ka tashi da safe ka ga gefen bamba ya ɗaga ko fitila ta goce ba tare da ka yi karo ba, kada ka ce yara ne. An zo gwaji.

Tsohon Direba: Yawwa! Kun dawo maganata. Ya shiga ta fitila, ya shiga ta soket, ya tayar da inji, to ya tuƙa mu gani, sitiyari a ɗaure.

Riwaya: Baba, da girmanka, wane irin kwaɗo? In sandar nan ce mai maƙale gefe biyu, ɓarawo ba ya wahalar da kansa da ita. Sitiyarin yake yankawa. Zoben sitiyari siririn ƙarfe ne aka lulluɓe da roba, zarto ya ratsa shi nan da nan, a zare sandar a jefar a kujerar baya. Wanda ke ba su wuya shi ne mai kama da faifai, wanda ke rufe sitiyarin gaba ɗaya yana juyawa a banza. Sai an kawo injin yankan ƙarfe, shi kuwa ga ƙara ga tartsatsi.

Tsohon Direba: To ai shi ke nan, ƙarar nake so. Ɓarawon rimot shiru ya zo nema. Wanda ya fito da kwamfuta a jaka bai fito da zarto ba. Ya leƙo ya ga ƙarfe, ya wuce ta maƙwabci.

Injiniya: Nan kam na bi bayan Baba. Kwaɗo ba ya hana sata, lokaci yake ci, kuma lokaci ne abin da ɓarawo ba shi da shi. Matsalarsa ɗaya, mutum yakan gaji. Sati biyu na farko kullum a ɗaura, daga nan sai ya koma zama a bayan kujera.

Ɗan Tiraka: Duk kun bar babban abu. Sa mata tiraka Alhaji. Ko ina ta shiga kana ganinta a wayarka, kuma kana iya kashe injin daga inda kake.

Hajiya Mai Sufuri: Ƙanena, tiraka ihu bayan hari ce. Ban ce ba ta da amfani ba, duk motocina akwai ta, manya da ƙanana. Amma a faɗa wa bawan Allah gaskiya: ba ta hana a ɗauka, taimakawa take yi a gano. Kuma masu wannan sana'a sun san inda ake sa ta. Masu ɗaurawa da yawa ƙarƙashin dashbod suke cusa ta kusa da fis, don nan ne waya ta fi sauƙin samu, nan kuma ɓarawo ke fara dubawa. Wasu na zuwa da na'urar da ke danne siginar GPS da ta waya. Wasu su ajiye motar a wani lungu kwana biyu su ga ko za a biyo ta. In za ka sa, sa biyu: ɗaya ta waya, ɗaya mai batirin kanta a wurin da ko kai sai ka yi tunani kafin ka tuna. Ka kunna saƙon da ke sanar da kai da zarar ta motsa da dare, ka kuma riƙa duba layin da ke ciki bai mutu ba. Tiraka nawa ce ke cikin motoci tana barci saboda kuɗin layi ya ƙare!

Sannan in ta nuna maka inda take, ba kai za ka je ba. Ka ba 'yan sanda. Mota ana sayen wata.

Ɗan Tiraka: Hajiya ban musa ba, amma kashe inji daga nesa fa? Wannan ai hanawa ce.

Riwaya: Kashewa a ina? Motar da ke gudu cikin mutane ka ɗauke mata mai, sitiyari ya yi nauyi, birki ya ƙage, wa za ta hau? Mai kyau ita ce wadda ke jira sai mota ta tsaya sannan ta hana ta sake tashi. Duk wanda zai ɗaura maka, tambaye shi wannan kafin ya yanka waya ko ɗaya.

Sarkin Raha: AirTag fa? Ƙarama ce, ba a biyan kuɗin wata.

Injiniya: An yi ta ne don neman makulli da jaka, kuma don kada a bibiyi mutane da ita, Apple ya sa tana tona kanta. Ɓarawon da ke riƙe da iPhone zai samu saƙo cewa akwai wata na tafiya tare da shi, wayoyin Android ma tun 2023 suna yin haka, kuma tana yin ƙara. A matsayin ƙari ba laifi. Kada dai ta zama ita ce dogaro.

Mai Tsohuwar Hilux: Ni duk wannan ya ƙara mini son tsohuwata. Makulli na ƙarfe, a murɗa ta tashi, ba sigina balle a sace.

Injiniya: Yayana, kada ka saki jiki. In tsohuwar ba ta da imobilaiza, wato ɗan ƙwayar da ke cikin kan makulli wanda inji ke tantancewa kafin ya tashi, to taka ta fi tasa sauƙi. A Jamus da Birtaniya tun 1998 aka wajabta shi a sababbin motoci, Ostireliya 2001, Kanada 2007. Amurka ba ta wajabta ba, shi ya sa Kia da Hyundai da yawa da aka sayar can tsakanin 2011 da 2021 suka fito babu shi. Da matasa suka gano, suka yaɗa a TikTok, sata ta yi tashin gwauron zabo har kamfanonin suka fito da gyaran manhaja a 2023. A alƙaluman hukumar NICB ta masu inshora a Amurka, motocin da aka sace a 2023 sun haura miliyan ɗaya, kuma a 2021 da 2022 manyan akori-kura na Chevrolet da Ford ne a saman jerin, tsofaffi da yawa a ciki. Akori-kura tana da kasuwa ko a haɗe ko a kwance, ba ruwan mai saye da yadda aka tayar da ita.

Gyaran gaskiya na matsalar miƙa sigina yana hannun masu ƙerawa. Sababbin motocin da ke amfani da wata irin sigina da ake kira UWB suna auna lokacin da saƙo ya ɗauka ya je ya dawo. Sigina na cin kusan santimita 30 a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, don haka duk wanda ya tsaya a tsakiya yana miƙawa sai ya ƙara jinkiri, motar ta gane rimot na nesa. Jaguar Land Rover na cikin na farko da suka sa shi. Malam ya tambayi dilansa ko tasa na da shi, ya kuma tambaya ko akwai sabunta manhaja da ya shafi tsaro.

Hajiya Mai Sufuri: Ku maza kun tsaya kan na'ura. Ni abin da na gani a harkar nan, makulli ya fi fita ta hannun mutum. Wajen wanki, wajen gyara, direban da aka sallama, wanda ya sayar maka da motar ya ce rimot ɗaya gare ta. Malam, in ta hannu ka saya, kai ta a duba makullai nawa ƙwaƙwalwarta ta sani. In ta ce uku kai biyu ke hannunka, a goge duka a sake ɗora naka. Kuma kada a bar ta tana aiki a shiga shago "minti ɗaya". Mai maɓalli ma ta fi haɗari a nan, don mutum yana jin rimot a aljihunsa sai ya ɗauka ba za ta tafi ba. Za ta tafi.

A manyan motoci mu abin da muke yi: makashin batiri mai kwaɗo, kwaɗon da ke rufe maɓallan birkin iska, da wanda ake sa wa ƙusar tirela in an cire kai, don kada wani ya zo da nasa kan ya ja kaya. Ajiye takardun mota a cikinta kuma na hana. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana rubuce a wayata da hoton kowace mota, don ranar da abu ya faru ba lokacin neman fayil ba ne.

Mai Akori-kura: Na gode Hajiya. Malam Riwaya, batun ɓoyayyen makashi fa? Wani ya ce in sa a yanke wayar famfon mai a sa maɓalli a ɓoye.

Riwaya: Shi ne abin da na fi yarda da shi, domin ko sun miƙa sigina, ko sun ɗora sabon rimot, ko sun shiga ta fitila, duk ƙwaƙwalwar mota suke yaudara. Wayar da aka raba da hannu ba ta jin yaudara. Inji zai yi ta juyi ba ya kamawa, ko kik ya ƙi motsi, ɓarawo kuwa ba zai zauna neman laifi a ƙofar gidanka ba. Amma da sharuɗɗa. A sa shi a siririyar wayar da ke umartar rile, wato 'yar na'urar da ke buɗe wa babbar wuta hanya, ba a babbar waya mai ɗaukar wuta ba, in ba haka ba maɓallin ya yi zafi ya narke. A haɗa da dalma a rufe da kyau, ba a murɗa a naɗe da salatif ba. Ni na fi son na kik a kan na famfon mai, don in haɗin ya saki kana tafiya, na kik ba zai kashe maka mota a tsakiyar titi ba. Kada a sa shi inda hannu ke fara kaiwa, gefen gwiwa ko ƙarƙashin kujera. Kuma in motar na cikin garanti, tambaya tukuna, don yankan waya na iya ɓata maka shi. Akwai na zamani da ba a yanka komai, sai ka danna maɓallan sitiyari a wani jeri da kai kaɗai ka sani kafin ta tafi. Tesla ma tun 2018 ta sa lambar sirri kafin tuƙi. Soket ɗin OBD kuma akwai murfin ƙarfe mai kulle da ake sa masa.

Tsohon Direba: Mai ɗaura makashin shi ma ya san inda yake.

Riwaya: Haka ne Baba, shi ya sa ba kowa ake ba wa ba. Kuma in za ka kai wanki ko gyara, ka bar shi a kunne, kada ka nuna wa kowa.

Injiniya: Ƙari ɗaya da ba a taɓo ba. A wajen ajiye motoci na kasuwa ko tasha, akwai masu danne siginar rimot lokacin da kake kullewa. Ka danna kana tafiya, ka ɗauka ta kulle, alhali saƙon bai isa ba. Tsaya ka ga fitila ta yi walƙiya, ka ji ƙarar kulle. A mai taɓi, jan hannun ƙofar direba ba gwaji ba ne, don za ta sake buɗewa tunda rimot na jikinka. Duba madubi ya naɗe, ko ka ja ƙofar da ba ta da na'urar taɓi.

Hajiya Mai Sufuri: Kuma ba dole sai an tayar ba, janwe ma na ɗauka. In za ka ajiye, karya tayoyin gaba zuwa gefe, ja birkin hannu. Tunda akori-kura da tayoyin baya take ja, shiga da baya, gindinta na kallon bango, don a rasa ta inda za a ɗaga. In akwai wata ƙaramar mota a gidan, a tare ta da ita. Murfin bodi na baya ma ana cire shi da hannu cikin ɗan lokaci in ba a kulle yake ba, akwai ɗan kwaɗon da ake sa wa maƙalarsa. Ga katalis, wato matatar hayaƙi ta jikin salansa, saboda tsayin motar mutum na shigewa ƙasa ba tare da jak ba, ana yanke shi don ƙarafa masu tsada da ke ciki, irin su falatinam da rodiyam.

Mai Akori-kura: Allah ya saka da alheri, kaina ya cika. Yau zan gwada kashe rimot ɗin, in kwashe na ajiya daga falo. Faifan sitiyari da murfin OBD zan nema, makashi kuma sai na ji ta bakin dila kan garanti. Tambaya ta ƙarshe: in na kashe siginar rimot, ko batirinsa ya mutu ina waje, ya zan yi in shiga?

Riwaya: Duba jikin rimot ɗin, akwai ɗan maɓalli da za ka tura, siririn makullin ƙarfe ya fito. Ramin yana hannun ƙofar direba, a wasu motocin an rufe shi da 'yar roba da ake ɓallewa. Ƙararrawa na iya yin kuka in ka buɗe da shi, kada ka damu. Taka birki, manna rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa, ka danna. Ƙwayar da ke ciki ba ta buƙatar batiri a wannan kusancin. Wasu motocin wurin ajiye shi yana cikin akwatin tsakiyar kujeru ne, littafin zai nuna maka. Batirin yawanci CR2032 ne, ajiye ɗaya a gida.

Tsohon Direba: Faifan dai ka auna faɗin sitiyarinka kafin ka saya, na akori-kura ya fi na ƙananan motoci girma.